Odisha, Jihar da Ta Riƙe Ƙwallon Gora da Hannu Biyu

Idan aka ambaci Indiya a ƙasar Hausa, fim ne ke fara zuwa ran mutane, sai kuma asibiti da magani. Masu bin wasanni kuwa cewa za su yi ƙasar kurket ce. Amma can gabashin ƙasar, a bakin Tekun Bengal, akwai wata jiha mai suna Odisha da ta ɗauki ƙwallon gora ta mai da shi abin alfaharinta. Can na nufa a watan Janairun 2023, lokacin da ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya ta maza, wadda ƙasashe 16 suka fafata a cikinta daga ranar 13 zuwa 29 ga wata.

Na fara sauka a Bhubaneswar, babban birnin jihar. Gari ne mai tsofaffin wuraren bauta na mabiya addinin Hindu, amma a wannan lokaci ko'ina ka waiga gora ce da ƙwallo. An zane katangu da gadoji da hotunan 'yan wasa, ga kuma Olly, kunkurun teku da aka yi wa gasar alama da shi, saboda irinsa na zuwa gaɓar tekun jihar yin ƙwai. Filin wasa na Kalinga da ke birnin, mai cin mutum 15,000, shi ne ya karɓi gasar 2018. Ke nan sau biyu a jere ana kawo kofin duniya jiha guda.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mutum 11 ne a kowane ɓangare, ana kuma raba lokacin gida huɗu, minti 15 kowanne. Filin shuɗi ne, na ciyawar roba, ana jiƙa shi da ruwa kafin a fara domin ƙwallon ya riƙa sulɓi. Ƙwallon ƙarami ne mai tauri, kuma idan gwani ya ja shi daga bugun kusurwa, ido ba ya iya bin sa, sai dai ka ji ƙarar katakon raga.

Duk da kyan Bhubaneswar, abin da ya fi tsaya mini a rai yana Rourkela, fiye da kilomita 300 a arewa maso yamma. Garin masana'antar ƙarfe ne, wadda Jamusawa suka taimaka aka gina a shekarun 1950. A nan gwamnatin jihar ta gina sabon fili mai kujeru sama da 20,000 cikin wata 15 kacal, aka sa masa sunan Birsa Munda, jagoran 'yan ƙabilun yankin da ya yi wa mulkin Turawan Ingila tawaye, ya mutu a kurkuku a 1900. Da farko na yi mamakin yadda aka kai irin wannan katafaren gini wuri mai nisa haka. Sai da na zaga ƙauyukan gundumar Sundargarh, inda Rourkela take, na gane dalili.

A ƙauyukan nan, yaro na tasowa ne da gora a hannu kamar yadda ɗan Fulani ke tasowa da sandar kiwo. Wanda iyayensa ba su da kuɗin sayen ta kanti, sai ya sari gora ko reshe a daji, ya lanƙwasa bakinta, ya shiga fili ko takalmi babu. Ƙauye da ƙauye suna shirya gasa a tsakaninsu, ladan wanda ya yi nasara kuma bunsuru ne, a yanka a ci tare. Daga irin waɗannan filaye na turɓaya Dilip Tirkey ya fito, wanda ya buga wa Indiya wasa fiye da 400, ya riƙe kyaftin, kuma shi ne shugaban hukumar ƙwallon gora ta ƙasar a lokacin gasar. Ashe ba a kai filin nesa ba, gida aka kai shi.

Ranar farko ta tabbatar da haka. Indiya ta kara da Sifaniya a Rourkela, filin ya cika maƙil, kuma wanda ya fara zura ƙwallo shi ne Amit Rohidas, ɗan ƙauye ɗaya da Tirkey. Sowar da ta tashi a daren nan ta mutanen da ke kallon ɗansu ce. Indiya ta ci 2 da nema.

Wannan duka bai zo da ka ba. Indiya ta taɓa mamaye wasan, da zinare 8 a gasar Olamfik, amma na ƙarshe tun 1980 ne, kofin duniya kuwa sau ɗaya ta ɗauka, a 1975. Da tauraronta ya dushe, masu kuɗi suka koma wa kurket. A 2018 gwamnatin Odisha, ƙarƙashin Naveen Patnaik, ta ɗauki nauyin tawagogin ƙasar na maza da mata, alhali ba ta cikin jihohi masu arziki. Bayan shekara uku maza suka samo tagulla a Tokyo, lambarsu ta farko a Olamfik cikin shekara 41, jihar kuma ta ƙara wa'adin tallafin da shekara 10.

Sai dai a wannan gasa sa'a ba ta bi masu gida ba. Ranar 22 ga wata New Zealand ta fitar da su a bugun raba gardama bayan an tashi 3 da 3, ko kwata-fainal ba su kai ba. A nan ne na ƙara ganin girman mutanen Odisha. Ba su watse ba. Sun ci gaba da zuwa kallon baƙi, kuma da tawagarsu ta koma Rourkela buga wasannin neman matsayi, sun fito sun mara mata baya har ta doke Japan da Afirka ta Kudu, wakiliyar nahiyarmu.

Baƙin kuma ba su ba su kunya ba, musamman Jamus. Sau uku a jere ana zura mata biyu ba ko ɗaya, sau uku tana farfaɗowa. A kwata-fainal 'yan'uwa biyu, Mats da Tom Grambusch, suka farke ƙwallayen Ingila a mintunan ƙarshe. A wasan kusa da na ƙarshe Gonzalo Peillat, haifaffen Ajantina, ya zura wa Ostireliya uku, sannan Niklas Wellen ya ƙara ta huɗu saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi. A wasan ƙarshe a Kalinga, Beljiyam mai riƙe da kofin ta fara da biyu, Jamus ta rama har ta wuce, Tom Boon ya farke wa Beljiyam dab da tashi, aka tsaya 3 da 3. Aka je raba gardama, inda ɗan wasa ke tunkarar mai tsaron gida shi kaɗai da daƙiƙa 8 a hannunsa. Jamus ta ci 5 da 4, ta ɗauki kofinta na uku bayan na 2002 da 2006. Holan ta zo ta uku.

Kofi ya tafi Turai, amma a ganina Odisha ce ta fi kowa cin riba. Ba ta aro wasa daga waje ta ɗora wa jama'arta ba. Abin da talakawanta suka riga suka iya ta duba, ta zuba masa kuɗi, ta gina masa gida a inda tushensa yake. Duk mai son ganin yadda hukuma ke ɗaukaka baiwar mutanenta, ina ba shi shawara, idan Allah ya kai shi Indiya, ya daure ya ƙarasa Sundargarh.