ZAMA WURI ƊAYA TSAUTSAYI, IN JI KIFI

'Yan'uwana mata, da yawa daga cikinmu akwai tsohuwar mota jibge a ƙofar gida, ta uba ko ta miji, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ranar da aka tashi sayarwa sai a tarar ƙafafun baya sun ƙi juyawa, dillali ya taɓe baki ya ce ta mutu, ya taya ta kuɗin ƙarfe. Alhali sau da yawa ciwon ɗan ƙarami ne.

Tamu Fijo ce 504, irin wadda aka fara yi a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗawa. Maigidana marigayi ya aje ta ya ja hambirki kamar yadda kowa ke yi, bai sake tuƙa ta ba. Na yi takabata wata 4 da kwana 10, damina kuwa ta ƙare a kanta. Da aka zo rabon gado, cinikinta ne zai biya kuɗin makarantar yara uku, amma ƙarti huɗu suka tura ta ko motsi.

Ƙanena ya kawo wani dattijon makanike. Ya leƙa ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, birki ne ya kama.” Ya nuna mini cewa a cikin ƙafar baya akwai wani ƙarfe kamar tukunya, shi ne diram, cikinsa kuma da shu guda biyu. In an ja hambirki, kebul ne ke buɗa su su manne da bangon tukunyar. To laima ta shiga, tsatsa ta haɗe su, ko an sauke hambirkin ba su saki.

Sai da ya tokare ƙafafun gaba da duwatsu, ya ɗaga bayan da jak, ya tallafe da kututture, domin ba a amince wa jak shi kaɗai. Ya cire taya, ya riƙa bubbuga diram da guduma yana zagayawa, sannu sannu, don ƙarfen yana iya tsagewa. Can sai muka ji ƙas! Ya saki. Ya zare shi, ya hana yaronsa hure ƙurar da baki, saboda tsofaffin shu akan yi su da asbestos, mai lahanta huhu. Ya goge tsatsar da sanfefa.

Da ya ɗaga robar silinda ya ga jiƙa, ya ce man birki yana shan ruwa daga iska, ruwan ne ke cin silinda ta ciki. Ya sa sabuwa, ya canza shu na ƙafafun biyu, domin in aka canza ɗaya, mota kan fizga gefe in an taka birki. Ya shafa wa kebul giris, amma bai bari ko ɗigo ya taɓa shu ba. Daga nan ƙanena ya yi ta taka birki, shi kuma yana fitar da iska, har fedar ta yi tauri. Kafin la'asar mota ta zagaya unguwa da ƙafarta, wanda ya saye ta kuwa bai ce mata mushe ba.

Don haka 'yar'uwa, in mota za ta daɗe a ajiye, a sa ta a giya, a tokare ta da dutse a wuri mai daidai, a bar hambirki a sauke. Duk mako biyu a tayar da ita a ɗan motsa gaba da baya, a canza man birki duk shekara 2. In kuma ta riga ta kama, kada ki bari a ja ta da ƙarfin tsiya, kuma kada ki sallama wa dillali sai makanike ya buɗe ƙafar kin gani da idonki. Dukiyar marayu ce, Allah Ya ba mu ikon tsare ta.