'Abouna': Fim ɗin da ya sa wani ya nemi ƙanen sa

Saurayin tela ne, kuma mayen kallo na gaske. Duk fim ɗin da babu waƙa da rawa, shi a wurin sa ɓata lokaci ne. Don haka da wani abokin sa ya tura masa 'Abouna', ya ce masa fim ɗin ƙasar Chadi ne, da Larabcin Chadi da Faransanci aka yi shi, sai ya taɓe baki. Amma dai ya kunna.

'Abouna', wato "Baban mu", ya fito a 2002. Daraktan sa shi ne Mahamat-Saleh Haroun, wanda daga baya ya yi 'Daratt' a 2006. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa, kuma Ali Farka Toure na Mali ne ya yi kiɗan sa. Labarin wasu yara biyu ne a Injamena, Tahir ɗan shekara 15 da ƙanen sa Amine ɗan shekara 8. Sun wayi gari baban su ya tafi, ko sallama babu. Su ka je wurin aikin sa, aka ce ai ya daɗe da barin aiki. Ran nan su ka shiga sinima, sai su ka ga kamar shi ne a majigi. Su ka sace faifan fim ɗin don su duba da kyau. Uwar su ta rasa yadda za ta yi, ta kai su makarantar allo a ƙauye. A can ciwon asma ya kashe Amine.

Daidai nan telan ya tsayar da fim ɗin, ya yi tagumi. Shi ma ya na ɗan shekara 14 mahaifin su ya tafi ci-rani, har yau shiru. Kullum da dare ƙanen sa sai ya tambaya: "Yaya, yaushe Baba zai dawo?" Shi kuma sai ya shirya masa labari. Yau Baba na Legas, gobe ya sayo masa keke, jibi sai da Sallah. Da yaron ya girma ya gane, sai ya ce: "Ashe duk ƙarya ka ke mani!" Tun daga nan su ka ja baya da juna, sai gaisuwar Sallah.

Shekara da shekaru ya na ganin ya zalunci yaron. Sai da ya ga Tahir da Amine su na ɗaga faifai su na neman fuskar uban su, sannan ya gane wani abu: yaron da aka gudu aka bari ba ya iya zama da shiru. Idan ba a ba shi labari ba, da kan sa zai nemo, ko da a bangon sinima ne. Wanda ya tafi bai bar ko kalma ɗaya ba, wan ne ya ɗauki nauyin cike gurbin, alhali shi ma yaro ne.

Bai ƙarasa kallon ba a daren. Waya ya ɗauka. Ta daɗe ta na ƙara kafin a amsa.

"Yaya? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ka zo gobe, akwai fim ɗin da za mu kalla tare."