Zuwa ga Auta, daga Gindin Duwatsun Kolorado

Aurora, Jihar Kolorado, Amurka

Auta,

 Ya jikin Kawu? An ce mini ƙafar ta sake tashi da shigowar hunturu. Don Allah ku hana shi fita gona da asuba.

Gwaggo ta faɗa mini abin da ake yaɗawa a tashar Kafanchan, wai na sayi tirela uku, wai kuma kamfaninmu ya ce in ɗauko direbobi daga gida. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin na san akwai masu cin kasuwa da irinta. Ko taya ɗaya ba ni da ita. Lasisi kawai na samu, motar mutane nake ja. Duk wanda ya ce a kawo masa kuɗi zai nemo wa mutum bizar tuƙin tirela a Amurka, ku guje shi, ko da sunana ya zo. Ƙasar nan ba ta karɓar lasisin babbar mota na kowace ƙasa sai na Kanada da Mekziko. Wanda ya zo da namu na rukunin G, ko shekara talatin ya yi yana zirga-zirga tsakanin Legas da Maiduguri, daga farko zai soma, kuma sai yana da takardun zama da na aiki. Tun 2025 ma an ƙara tsanantawa, har jami'i na iya sauke direba daga mota a bakin hanya idan bai iya amsa tambaya da Turanci ba.

Lasisin sunansa CDL. Dokar da ta kafa shi ta 1986 ce, kuma tun ranar 7 ga Fabrairun 2022 ba a barin sabon direba ya shiga gwajin tuƙi sai ya bi ta makarantar da ke da rajista. Kuɗin makarantar dubban daloli ne. Wasu kamfanoni kan biya maka, amma sai ka sa hannu cewa za ka yi musu aiki na wani lokaci, in ka bar su kafin wa'adi ka biya bashin. Albashin kuma yawanci da tsawon tafiya ake lissafa shi, mil nawa ka ci. Ranar da mota ta yini a tsaye tana jiran lodi, kai ma aljihunka a tsaye yake. In an cire haraji da haya da inshorar asibiti, abin da ya saura ba shi ne wanda kuke bugawa da canjin naira ba.

Amma ba wannan ya sa na zauna rubuta maka ba. Na ji maigidanka ya fara sakar maka sitiyari daga Kwoi zuwa Keffi. Na yi murna, na kuma ji tsoro, domin akwai abin da na koya a nan wanda babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana a gareji.

A nan birkin iska jarrabawarsa daban ce. Tambaya 25, sai ka ci 20. Wanda bai ci ba, ko ya yi gwaji da motar da ba ta da irin birkin, sai a buga masa harafin L a lasisi, ma'ana an haramta masa duk motar da ke tsayawa da iska. Bayan ta takarda kuma akwai ta cikin mota, inda mai gwaji ke zaune a gefenka, kana yi kana faɗa da baki. Kuskure a wannan sashe kaɗai ya isa a ce ka sauko, ko da sauran duk ka iya. Na ga wani dattijo daga yankinmu na Afirka ta Yamma, mai iya ribas da bodi har ka riƙe baki, an mayar da shi gida saboda ya manta bai saki birkin fakin ba kafin ya soma auna yoyon iska. Yarinyar da ta yi masa gwajin ta kayar da shi ba ta fi sa'ar jikarsa ba, kuma da sunansa tsirara take kiransa, babu Baba babu Malam. Wannan ya tsaya mini a rai har yau, ban saba ba kuma ba na son in saba. Sai dai a kan birkin ita ce mai gaskiya.

Ka saurara da kyau. Direbobinmu ba su gaza na nan ba a riƙon sitiyari, sun ma fi su haƙuri da mummunar hanya. Inda aka bar mu shi ne sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota. In tirela ta kashe mutane a gangarar Hawan Kibo sai a ce birki ya tsinke, a yi salati, a share hanya. To, birkin iska mai lafiya ba ya tsinkewa haka kawai. A ƙafafun baya na kai da na bodi akwai wani ƙaton sifirin a cikin kowace tukunyar birki. Kamar tarko yake wanda aka ɗana, iska ce hannun da ke riƙe da shi. Muddin akwai iska a tanki, sifirin na danne, mota na tafiya. Iska na ƙarewa sai ya saku ya cafke taya. Ka ga ke nan an ƙera abin ne yadda rashin iska zai tsayar da mota, ba ya sake ta ba. Kawu da ya yi aikin reluwe zai gane wannan, domin daga jirgin ƙasa dabarar ta samo asali: George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, a 1872 kuma ya fito da wanda ke kama kansa idan tarago ya ɓalle.

To me ya sa namu ke wucewa da gudu? Ka tuna sau nawa muka ga tukunya na yoyo, bakanike ya ɗaure sifirin da noti don a ƙarasa gida, aka kuma bar shi haka har shekara? Ko tiyo ya fashe, a naɗe bakinsa da waya, a kashe birkin ƙafa guda, a ce sauran sun isa? Ko layinin ya cinye, ba a gyara tazara ba, sandar tukunya ta tura iya tsawonta amma da ƙyar ta taɓa durom? A irin wannan mota ko sifirin ya saku babu abin da zai kama. Kuma ina roƙonka, kada ka taɓa buɗe tukunyar sifirin da hannunka, kada ka tsaya gaban mai buɗe ta. Ƙarfin da ke ciki yana kisa.

Ga yadda nake yi kowace safiya, kai ma ka riƙa yi. Ka sa weji a taya, ka bari tanki ya cika har ka ji iska ta yi atishawa, alamar kwamfureso ya huta. A motocin nan hakan na faruwa tsakanin 120 da 140 a geji, yana kuma komawa aiki in ta sauko wajen 100. Sai ka kashe inji, ka bar makulli a kunne, ka saki birkin fakin na kai da na bodi, ka taka birki ka riƙe. Allura za ta ɗan faɗi da farko, wannan ba komai. Daga nan ka duba agogo minti ɗaya cur. Kai da bodi kada su zubar da fiye da 4, mota guda kada ta wuce 3. In ta wuce, akwai yoyo, ka nemo shi da ruwan sabulu. Bayan haka ka yi ta taka birki kana saki don iska ta ragu. Dole jar fitila da ƙararrawa su tashi kafin allura ta sauka ƙasa da 55. Ka ci gaba, tsakanin 45 da 20 birkin fakin zai kama da kansa. Sai ka tada inji ka ba shi wuta daidai, daga 85 zuwa 100 kada ya ɗauki fiye da daƙiƙa 45. In ya ɗauka, kwamfuresonka ya gaji, kuma a tsakiyar gangara zai nuna maka. Waɗannan lambobin na gejin PSI ne, irin na Mack. In DAF ce ko MAN ko Howo ma'auninsu daban ne, bar ɗaya kusan PSI 14 da rabi ne, cikarsu ma ta bambanta, don haka ka nemi lambar motarku. Amma tsarin gwajin ɗaya ne, kuma bai kai lokacin da kake ɗauka wurin mai shayi ba.

Ruwan tanki kuwa, a nan sanyi ke tilasta wa mutum kula da shi. Duk iskar da kwamfureso ya matsa tana tara ruwa da ɗan mai a gindin tanki. Da dare a lokacin hunturu sanyi kan sauka ƙasa da sifiri sosai, ruwan ya daskare a cikin bawul, ka wayi gari birki ya ƙi saki ko ya ƙi kamawa. Har layinin kan manne da durom in ka yi fakin da shi a jiƙe. Sanyin da muke kuka da shi a Kagoro ranar bikin Afan, a nan yara da 'yar riga suke fita cikinsa. Ku ba ku da ƙanƙara, amma kuna da damina mai tsawo, iskar Kafanchan cike take da laima, ruwan kuma yana cin bawul da tsatsa yana rage wa iska wuri. Ka ja zaren tanki kowane dare har sai iska zalla ta fito.

Yanzu maganar gangara, wadda ita ce ta fi hana ni barci idan na tuna ka. Babbar hanyar I-70 tana saukowa daga duwatsu zuwa Denba, gangara mai tsawon da Hawan Kibo bai kama ƙafarta ba. Ranar 25 ga Afrilun 2019 wani saurayi ɗan asalin Kuba, mai shekara 23, ya sauko da lodin katako, birkinsa ya mutu, ya afka cikin cunkoson motoci a Lakewood. Mutum huɗu suka rasu. A Disambar 2021 kotu ta yanke masa shekara 110, mutane miliyoyi suka sa hannu suna koke, Gwamna Jared Polis ya rage zuwa 10. Ni a ganina hukuncin farko ya wuce kima, yaron bai fito da niyyar kisa ba, kuma wanda ya miƙa wa ɗanyen direba makulli ya tura shi kan dutse shi ma yana da alhaki. Amma tambayar da aka yi masa daidai ce: me ka yi tun kana sama? Don an nuna ya wuce hanyar tsira bai shiga ba. Hanyar tsira wani reshe ne da ake fitarwa a gefen gangara, a cika shi da tsakuwa mai zurfi, motar da ta ƙwace ta kutsa ciki ta nutse ta tsaya. Duk lokacin da na wuce ɗaya sai in tuna kwanonin hanyar Forest zuwa Jos, in ce ina ma.

Abin da ke kashe birki a gangara zafi ne. In ka ɗora ƙafa ka bar ta, durom ya yi ja ya buɗe, ya yi nesa da layinin, kana takawa babu amsa alhali geji na nuna iska a cike. In kuma ka yi ta bugawa kana saki da sauri, iskar ce za ta ƙare. Tun ran gini, tun ran zane: ka zaɓi ƙaramar giya kana kan tudu, kafin hancin mota ya duƙa, domin in ta ɗauki gudu giya ba za ta shiga ba. Ka kunna birkin inji in hanya ba santsi. Ka tsayar da gudun da ka san ya dace da lodinka, in mota ta kai shi ka taka sosai kamar daƙiƙa uku har ta ragu da kilomita takwas, ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, ka bari ta sake kaiwa. Firi kuwa, ko maigida ya ce a tsimi man dizal, kada ka sake ka sa mota a firi a gangara. Kada kuma ka watsa wa durom mai zafi ruwa, tsagewa yake yi. Ka sani iska ba ta kamawa nan take kamar birkin ƙaramar mota, akwai jinkirin kusan rabin daƙiƙa. A gudun kilomita 88, littafin jarrabawar CDL ya ce tirela na cin fiye da mita 135 daga lokacin da ka hango haɗari zuwa tsayawa, a busasshiyar hanya, da birki mai kyau, da lodin da bai wuce doka ba. Dokar nan tan 36 ce, mota da kaya duka. Kai ka san abin da ake ɗora muku na citta da masara.

A wurin awo jami'i kan kwanta a ƙarƙashin mota da alli da ma'auni yana auna kowace sanda. In kashi 20 cikin 100 na birkinka ba su da kyau, motar ba ta motsawa daga wurin sai an gyara, kuma babu hannun da za ka cusa wa wani abu. Wannan ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne kaɗaici. Babu yaron mota, babu mai riƙe maka weji, babu mai hira. Na'ura ce ke ƙirga maka awa 11 na tuƙi ta ce ka kwanta awa 10. A masaukin direbobi sai ka ga tsoho mai furfura yana cin abinci shi kaɗai, 'ya'yansa na wata jiha, babu mai cewa Baba kawo in ɗaukar maka. Da dare irin wannan faten acca na Inna nake tunawa, da ƙarar ruwan Matsirga cikin Agusta.

Idan ka yi gwajin nan ka ga mota na zubar da iska, ka faɗa wa maigida cikin ladabi, ba a gaban mutane ba, ka kai shi ya ga allurar da idonsa. In ya ce a tafi haka, ka ce ba za ka ja ba. In ta kai ga ya sallame ka, ni zan riƙe ka har ka samu wata motar, na yi maka alkawari. Kuma ka je ka yi lasisinka da kanka ta hannun VIO da Hukumar Kiyaye Haɗurra, kada ka aika hoto a kawo maka.

Ka turo mini hoton gejin motarku ta WhatsApp in duba ma'auninsa in lissafa maka lambobin. Kuɗin maganin Kawu zan aiko ƙarshen wata ta hannun Gwaggo. Ka gaishe da Inna, ka gaishe da maigidanka da kyau, da duk 'yan tasha.

Naka,
Yayanka