Sandar Baba da Aska Mai Hannu Biyu

Bayan faɗuwar da mahaifina ya yi a makewayi a daminar bara, likita ya ce kada ya ƙara fita ba sanda. Muka sayo masa irin ta alminiyam mai ƙafa huɗu. Ya dube ta sau ɗaya, ya ce, "Wagga ta majinyata ta," ya jingine ta a bayan ƙofa. Mutumin da bai taɓa fashin Juma'a a Masallacin Shehu ba sai ga shi ya yi mako bakwai yana sallar Azahar a zaure. Na fahimci kunyar a gan shi da kayan asibiti ta fi ciwon gwiwar damunsa.

Kakana masassaƙi ne, kuma gizagonsa yana nan a gidanmu. Na ɗauke shi Maƙera Assada aka gyara masa baki, na samo reshen marke miƙaƙƙe mai ɗan lanƙwasa a kai, na zauna sassaƙa. Kwana biyu na lalata reshe biyu. Gizago ba shi da ma'auni. Zurfin kowane sara yana cikin wuyan hannun mai riƙe da shi, abin da ake koya tun ana yaro a gindin uba, ni kuwa biro da na'urar ɗaukar murya aka ba ni.

A Tsohuwar Kasuwa, cikin tarkacen wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa, na tsinci abin da ya fisshe ni: ɗan ƙarfe mai kama da tsuntsu ya buɗe fikafikai, hannu a dama, hannu a hagu, da gajeren ruwa a tsakiya. Turawa na kiransa sifokshef, wato mai aske sandunan ƙafar keken doki, domin aikin da aka san shi da shi ke nan tun da. Ni dai aska mai hannu biyu nake ce mata. Tawa kwaikwayo ce ta samfurin da kamfanin Stanley na Amurka ya fitar a 1911 mai lamba 151, wanda ke da noti biyu a sama na saukar da ruwan ko janye shi.

Bambancinta da gizago shi ne an ɗauke ma'aunin daga hannu an mayar da shi cikin ƙarfe. Ruwan yana leƙowa ne ta wata siririyar kafa a ƙasan askar, kuma iyakar abin da ya leƙo shi ne iyakar abin da za ta ci, komai gaggawar mai turawa. Saboda haka mafi yawan aikin ana gama shi ne kafin a taɓa itace.

Nan ne na fara tuntuɓe. Na zaci idan ruwan ya fito sosai aiki zai fi sauri, sai ta riƙa karkarwa tana tsalle, tana barin tabo kamar haƙoran ɓera. Dalili uku ke kawo wannan, kuma duka ukun sun taru a kaina. Ruwan ya dakushe, murfin da ke danne shi bai matsu ba, sannan na fito da shi ya wuce kima. Na kwance ta gaba ɗaya. Na goge bayan ruwan a kan dutsen washi har ya zama sumul, na wasa gefen da aka karkata a kusurwar digiri 25 zuwa 30, na kankare tsatsa da busasshen fenti daga shimfiɗar da yake kwanciya a kai, domin ko ƙwayar yashi ta shiga ƙarƙashinsa sai ya yi rawa. Wajen mayarwa, gefen da aka karkata ƙasa yake kallo. Sai a janye ruwan har ya ɓace, a ɗora askar a kan katako, a riƙa murɗa notin kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har ta fara fitar da abin da bai kai kaurin takardar jarida ba. Wata dabara da na ji daɗinta ita ce a bar gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya fitowa, ta yadda za a rage kauri da wannan gefe, a yi laushi da wancan, ba tare da an sake taɓa noti ba.

Sauran darasin na itacen ne. Zaren itace yana da kwanciya kamar gashin akuya. Idan ka bi shi, askar za ta zame tana fitar da dogon zare mai naɗewa, idan ka saɓa masa sai ta tono shi ta yaga. A wurin lanƙwasa ana saukowa ne daga tudu zuwa kwari ta ɓangarorin biyu, a haɗu a tsakiya. Dogon yaro, duk da yawansa a titunan Sakkwato, wahala gare shi, domin zarensa a sarƙe yake. Marke ya fi biyayya tun bai gama bushewa ba, ko da yake iskar hunturu kan tsaga shi idan aka bar shi a sarari.

Ba zan yi wa askar ƙarya ba: ba ta fafe turmi, ba ta fitar da akushi, kuma abin da na yi a yini huɗu masassaƙin kirki zai gama shi kafin La'asar. Amma ta ba wa wanda bai gāji hannu ba damar yin abu ɗaya daidai.

Na auna tsawon sandar daga ƙasa zuwa wuyan hannun Baba yana tsaye da takalminsa, na shafe ta da man kaɗe, na sa mata guntun robar taya a gindi don santsin tayil. Da na kai masa, ya daɗe yana shafa kanta da babban yatsa, ya ce mariƙin ya yi wa tafinsa kauri. Na koma na rage. A Juma'ar da ta biyo, ƙanina ya sauke shi a bakin titi, ya taka sauran da kansa.