Zuwa Ga Sabon Ɗan Kwamiti

Durumi, Abuja.

Malam aminina,

 Yaya Zariya, yaya sanyi? Mu nan Durumi sai godiya, in ban da ƙura da tsadar kuɗin mota, wadda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ta sassauta mana ba.

Ina cikin keke tsakanin Eriya Wan da gida saƙonka ya shigo, cewa malaman makarantarku sun zaɓe ka cikin kwamitin gudanarwa na ƙungiyarku ta gama-kai. Na yi murna ƙwarai, Allah ya taya ka riƙo. Amma da ka ƙara da cewa ai ba wani aiki ba ne, zama ne sau ɗaya a wata, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san na yi shekara huɗu a kwamitin tamu. Da adashi muka fara, teloli da masu keke da mata masu abincin sayarwa, daga baya muka yi rajista. A cikinmu har da mutanen Gwoza da ke zaune a sansanin gudun hijira na nan unguwar tun 2014. Akwai wata baiwar Allah a cikinsu mai ɗinkin hula. Duk Juma'a za ta kwance bakin zaninta ta miƙo zubinta, tana tarawa don ta samu rancen keken ɗinki.

Wata rana shugabanmu, dattijo ne da kowa ke ganin girmansa, ya kawo buƙatar surukinsa. Rance yake so mai kauri, zai sayi keke mai ƙafa uku. Dokarmu ta ce sai mutum ya yi wata shida yana zubi, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa. Surukin ko ɗaya bai cika ba. Mu tara ne a ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai. Na san ba daidai ba ne, amma kunyar furfurar mutumin ta kama ni, na sa hannu. Bayan 'yan watanni biya ya tsaya. Azumi ya kawo jiki, kuɗin da za mu saro wa mambobi shinkafa da sukari suka kasa, layi ya zo kan mai hula aka ce ta dakata. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi Allah ya kai mu. Har yau in na tuna fuskarta sai zuciyata ta yi nauyi.

Shugaban nan ba ɓarawo ba ne, Malam. Kara ya yi wa surukinsa, mu kuma muka yi masa kara, da kuɗin da ba namu ba. A babban taron shekara kuwa ba shi kaɗai aka tuhuma ba, mu tara aka tsayar, kuma mambobi sun yi gaskiya. Wanda ya yi shiru a zaman kwamiti ya amince ke nan. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: a ganina kunya ta fi sata kashe ƙungiyoyinmu. An rene mu a kan kada mu titsiye babba, tarbiyya ce mai kyau, amma kujerar kwamiti don tambaya aka kafa ta.

Saboda haka duk zama ka ce a kawo takardar bayanin asusu daga banki, ka gani da idonka, ka gwada ta da littafin ma'aji. Gani ya kori ji. Ma'aji mai gaskiya ba zai ji haushi ba, kare shi ma ka yi daga zargi. Kada ka taɓa sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba, ko da za ka yi tafiya, ko da wa ya roƙe ka. In aka zo kan buƙatar ɗan'uwanka ko taka, ka faɗa, ka tashi ka fita har a gama. Kuma ka matsa wa sakatare ya rubuta duk abin da aka yanke, da sunan wanda bai yarda ba. Mu da muka san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, bai kamata a koya mana wannan ba.

Kada ka zaci mu ƙanana kaɗai abin ke ci. A Ingila aka haifi wannan tsari, inda mutum 28 suka buɗe ɗan shagonsu a garin Rochdale a 1844. Amma a 2013 bankin gama-kai na ƙasar, Co-operative Bank, ya wayi gari da giɓin fam biliyan ɗaya da rabi. Da kwamitin majalisa ya tambayi tsohon shugaban hukumar bankin, Paul Flowers, wanda a lokacin limamin coci ne, nawa ne kadarorin bankin, sai ya ce fam biliyan 3, alhali biliyan 47 ne. Mutum yana kan kujera bai san nauyin abin da aka ba shi ajiya ba. Da na karanta labarin, zamanmu na ranar nan na tuna.

Ka nemi dokokin ƙungiyarku ka karanta daga bango zuwa bango, da dokar gama-kai ta ƙasa ta 1993, ka kuma san hanyar ofishin daraktan gama-kai na jiharku. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ribar shekara a asusun ajiya kafin a yi rabo. A nan za ka sha surutu, don kowa so yake a raba duka ya yi hidimar Sallah. Ka daure. Ranar da wani ya rasu da bashi a kansa, ko kaya suka lalace a sito, wannan ajiyar ce za ta rufa muku asiri. Haka binciken odita na shekara, da kiran babban taro a kan lokaci: kwamitin da ya fara ɗaga taro, akwai abin da ba ya so a gani. A taron kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, shugaban makaranta da mai gadi, komai yawan zubin mutum.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne riƙon sirri. Za ka san wanda bashi ya yi wa katutu, da wanda ya ci rance don jinyar matarsa. Kada maganar ta fita ɗakin, ko uwargida kada ta ji. Kuma tunda na san yawancinku ba za su yarda da kuɗin ruwa ba, sai dai a sayi kaya a sayar wa mamba da 'yar riba ya biya a hankali, to ka sa ido sosai kan sayayyar. Wa ke zuwa kasuwa? Shago nawa aka taya? Ina rasit? Buhunan shinkafa da ragunan layya, nan ne ɓaraka ta fi shiga. Kada mutum ɗaya ya zama shi ke saye, shi ke ajiya, shi ke lissafi.

Ga Kwalejin Gama-kai ta Tarayya nan Kaduna kusa da ku. Ka ba da shawara a nemi horo ga ma'aji da sakatare, kai ma ka bi su in da hali.

Mu dai mun ɗauki kusan shekara biyu kafin kuɗin nan su dawo, da kaɗan-kaɗan, bayan dattawa sun shiga tsakani. Mai hula ta samu kekenta, yanzu har yara biyu take koya wa ɗinki.

Ka ɗauki hoton dokokinku ka turo mini ta WhatsApp kafin zamanku na farko, in duba sashen rance, mu yi magana da dare. Ka gaishe da Baba da jiki, ka ce ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Naka har kullum,
Amininka na Durumi.