Furen da kuka gani a hoto, da dalilin da ba za mu kawo dashensa gida ba

Gaisuwa daga birnin Lil, arewacin Faransa, inda neman abinci ya kawo mu da iyali shekara 6 ke nan.

Tun ranar da muka sa hoton barandarmu a Facebook saƙonni ba su yanke ba. Wannan ya ce a riƙo mashi iri, waccan ta ce dashe take so. Har Inna ta aiko da murya ta WhatsApp: "Wannan abu da kunka shuka, in za ku taho hutu ku taho mani da guda, in sa shi bakin randa." Amsa ɗaya-ɗaya za ta yi tsawo, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu faɗi yadda abin yake.

Sunan shukar kilematis, Faransawa na ce mata kilematit. Mai yaɗo ce kamar soso ko duma, sai dai ita da siririn karan ganyenta take naɗe duk abin da ta samu ta hau. Tsoffin irinta dogaye ne. Wadda ta fi suna, Jackmanii, wani mai gidan renon shuke-shuke, George Jackman, ya haɗa ta a garin Wokin na Ingila a 1858, ta fara fure a 1862, kuma tana kai mita 3 ko fiye. Wanda ke zaune hawa na uku, babu tsakar gida, ina zai kai wannan? Domin irinmu ne Raymond Evison, a tsibirin Ganzi da ke tsakanin Faransa da Ingila, ya fitar da gajeru waɗanda ake saidawa da sunan Boulevard. Tamu daga cikinsu take, ana ce mata Cezanne: tsayinta kamar mita ɗaya, furenta shuɗi-shuɗi, faɗin tafin hannun yaro.

Ba don gayu muka saye ta ba. Mutumin da ya tashi yana shan inuwar dogon yaro, ya wayi gari ba ya da ko taku biyar na ƙasa, ido na buƙatar ya ga wani abu kore nasa na kansa. Yuro 20 muka ba da, wajen jika 13 ke nan, kuma sau uku muna kusan kashe ta da hannunmu.

Na farko, mun bar ta cikin ƴar baƙar robar da aka saido ta, muka aje a rana tsaka. Kwana kaɗan ganye ya langaɓe. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce wannan shuka kanta ke son rana, ƙafarta inuwa take so. Ita ta sa muka nemo babbar tukunyar ƙasa, faɗi da zurfi kamar santimita 45, mai huda a gindi don ruwa ya wuce. Ta ce a binne ta ta fi yadda ta zo zurfi da santimita 5 zuwa 8, a zuba tsakuwa a kai. Da muka ji bayanin sai muka yi dariya, ai wannan karatun randa ne, mun san shi tun muna yara: tukunyar ƙasa na riƙe sanyi, baƙar roba dafa saiwa take yi. Ban ruwa kuma da yatsa ake aunawa, in ka tsoma ka ji saman ƙasar ya bushe sai ka zuba har ya ɗiga ta ƙasa. Abin hawa ya zama siriri, waya ko igiya, don ba ta iya naɗe katako mai kauri.

Na biyu, a watan Yuni, reshe guda ɗauke da ƙunshin furanni ya kwana lafiya ya tashi a mace, kamar an zuba mashi ruwan zafi. Muka ɗauka ƙishirwa ce, muka yi ta ɗura ruwa. Ashe wata cutar funfuna ce da ke toshe hanyar ruwa cikin kara, kuma an san irin masu manyan furanni da ita. Maganinta a yanke reshen tun daga tushe a jefar da shi nesa. A nan ne zurfin binnewar ya yi rana: idanun da ke ƙarƙashin ƙasa suka turo sabbin rassa.

Na uku shi ne abin kunya. Hunturu ya shigo, ta bushe ƙayau kamar tsohuwar tsintsiya. Muka ce to, jika 13 ta tafi, muka kinkimi tukunya za mu kai shara. A matakala tsohuwar nan ta tare mu ta ce ku maida ta, barci take. Ƙarshen Fabrairu ta zo da almakashinta ta datse ta saura santimita 15 zuwa 20, daidai saman idanu biyu masu ƙwari. Wallahi ranar babu wanda ya yi magana a gidan, gani muke ta ƙarasa ta. Afrilu sai ga toho. Muka riƙa ba ta takin tumatir na ruwa, Yuni ta rufe wayar da furanni, ta huta, ta sake wani zubin wajen ƙarshen Agusta. Hoton da kuka gani ke nan.

To me ya hana mu kawo? Wannan barcin da ya kusan sa mu jefar da ita, shi ne rayuwarta. Tana buƙatar watanni na sanyi sosai kafin ta farka da ƙarfi, kuma ɗarinmu na gida bai kai haka ba. A Lil, tsakar zafinsu yawanci digiri 23 ne ko 24. A Maraɗi, Afrilu da Mayu sun wuce 40, ƙasar cikin tukunya kuwa ta fi haka zafi. Iri ma ba mafita ba ne, don irin waɗannan haɗaɗɗun ba ya fitar da kamar uwarsa. Sannan ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, cin ganyenta na cutarwa, gidajenmu kuwa ga awaki ga yara masu rarrafe. Mu karɓi kuɗin mutum mu kawo mashi abin da zai mutu kafin damina, wannan ba zumunci ba ne.

Abin da za a iya ɗauka dabarar ce, kuma kyauta ce. Mai son fure a ɗan fili ya nemi bugenbiliye, wadda kuke gani ta lulluɓe katangu a Yamai, ja da fari da ruwan hoda. Ita rana ce abincinta, reshe ake yanka a dasa, kuma in aka ɗan rage mata ruwa ta fi yin fure. A samu babbar tukunya, irin ta Mirriya in da hali, a huda gindi, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a rufe sama da tsakuwa ko ɓawon gyaɗa, a kare jikin tukunyar daga ranar yamma. Ruwan alwala kaɗai ya isa ya riƙe ta. In ta yi tsawo a datse, kada a ji tausayi. A kula da ƙayarta dai saboda yara.

Haka muka yi wa Inna bayani. Ta yi shiru, can ta ce: "To ku bar abinku can, amma kuɗin tukunya ku za ku biya." Mun biya. Ƙanenmu ya samo mata reshe, yanzu haka yana bakin randa ya fara toho.

Wanda ya gwada ya turo mana hoto mu gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.