Abin da Ya Hana Mai Gado na Shida Barci

Litinin

Da hantsi aka kawo shi daga sashen gaggawa, aka ba shi gado na shida. Zai kai shekara hamsin, direban A Daidaita Sahu ne, ƙafarsa ta dama naɗe da tsohon zane. Da na kwance sai ga gyambo a tafin ƙafa, ya ci har gindin ƙaramin yatsa, yatsan kuma ya fara baƙi. Awon suga ya nuna 22. Mai lafiya idan ya wayi gari bai ci komai ba, nasa ba ya wuce 6.

Makonni uku da suka wuce, da sanyin hunturu ya tsananta, ya zauna jin ɗumi da asuba, ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi. Bai ji komai ba. Sai wajen alwalar azahar ya ga bororo. Ya fasa da allura, aka shafa man shanu, aka barbaɗa garin magani, daga baya ya sayo kafso a kyamis. Haka ciwon suga yake yi idan ya daɗe ba a kula da shi ba: yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ya rage gudun jini, wuta ta ƙone mutum bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa.

Na ce, "Baba, ka san kana da suga?"

Ya ce, "An gaya mini shekara huɗu da suka wuce, Sista. Na sha magani wata biyu, na ji garau, na bari."

A wurinsa marar lafiya shi ne wanda ya kasa fita nema. Tunda yana iya tuƙi daga safe zuwa dare, lafiyarsa ƙalau. Cutar tana aikinta a jiki shekara da shekaru, shi kuwa rashin lafiyarsa yau ta fara, ranar da ya kwanta a gadon da ba nasa ba.

Talata

Wankin ciwo. Na cire ruɓaɓɓen nama da mugunya, ko gezau bai yi ba. Ƙaninsa da ke tsaye ya ce yayan nasa jarumi ne. Ni kuwa da ya yi ƙara da hankalina ya fi kwanciya. Ana ba shi insulin da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. A zagaye likita ya ce idan yatsan bai farfaɗo ba za a cire shi. Baba ya ce "to", ya juya fuska bango. Abincin rana ya koma gida yadda ya zo.

Laraba

Na koma aikin dare. Ƙarfe biyu kowa ya yi barci ban da shi. Yana zaune, ya zuba wa bandejin ido. Awon jini 168 bisa 100, zuciya tana bugawa 104 a minti, suga bai sauka yadda ake so ba duk da allura. Na jawo kujera na zauna.

"Baba, me ya hana ka barci?"

"Ba komai, alhamdu lillahi."

Ban tashi ba. Can sai ya fara. Babur ɗin ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum, kuma an aiko cewa idan mako ya cika bai dawo ba za a ba wani. Da ƙafar dama yake taka birki. An sa ranar auren babbar 'yarsa, ko gado bai saya ba. Sai ya rage murya ya faɗi wanda ya fi ci masa rai: tun da ya zo bai yi salla ba. Ba ya iya wanke ƙafar, ga mugunya, yana ganin ba shi da tsarki, kuma yana jin nauyin tambaya.

A makarantar koyon jinya an karantar da mu Hans Selye, wanda a 1936, a jami'ar McGill da ke Kanada, ya lura cewa ɓerayen gwajinsa, ko da sanyi aka gallabe su, ko da rauni, ko da guba, jikinsu amsa iri ɗaya yake bayarwa. Ya kasa amsar zango uku: firgici, sai jurewa, sai gajiya idan abin ya ƙi ƙarewa. A zangon farko wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda suna zubo adirenalin da kotizol cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke, hanta ta saki sugan da ta ajiye don mutum ya sami ƙarfin gudu ko faɗa. Wanda kura ta biyo, wannan rahama ce gare shi. Amma wanda bashi da kunya suka biyo dare da rana, kotizol ɗin ba ya janyewa: yana hana insulin aiki sosai, ya raunana garkuwar jiki, ya jinkirta warkewar ciwo. Gyambon kansa yana tayar da suga, wannan ba a musu, shi ya sa ake yaƙarsa da magani. Sai dai mutumin da bai runtsa ba kuma bai ci ba, ƙarin allura kaɗai ba zai wadatar da shi ba.

Na rubuta a fayil abin da ya yarda in rubuta. Maganar salla ya ce in bar ta tsakaninmu, amma ya amince in nemo masa malami.

Alhamis

Kafin in tafi gida na tsaya wurin limamin masallacin asibiti. Bayan la'asar ya zo, ya zauna a bakin gado, ya bayyana masa cewa ana shafa a kan bandeji, idan ruwa zai cutar a yi taimama, wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance. Da na dawo da dare na tarar da ɗan dutsen taimama a kan lokarsa. Ya yi isha'i, ya cinye tuwonsa.

Richard Lazarus da Susan Folkman, a littafinsu na 1984, sun nuna cewa nauyin damuwa yana bin yadda mutum ya auna abin da ya same shi da kuma abin da yake ganin yana da shi a hannu. Suka ce hanyar fama da ita biyu ce: ko a tunkari matsalar, ko a lallashi zuciya. Mu nan mun ƙware a ta biyu. Dubiya, addu'a, "Allah ya sa kaffara ne", duk magani ne na gaske, na sha ganin bugun zuciya ya daidaita bayan mutum ya ga 'yan'uwansa kewaye da shi. Inda muke da rauni shi ne ta farko. Mutum goma za su zo su ce sannu, ba wanda zai tambayi wa ke kai cefane gida. Wasu ma lemon kwalba suke kawo wa mai ciwon suga, su zauna suna ba da labarin wane da aka yanke wa ƙafa har cinya. Yau na tare biyu a ƙofa, na roƙe su da girman Allah su bar wannan hira a waje.

Na kira ƙanin gefe. Ashe ya iya tuƙi, shi ma zaman jinyar ne ya hana shi nema. Muka tsara: ya je wurin mai babur ya karɓi aikin a madadin yayansa, ya riƙa kai balas, ɗan Baba na biyu ya karɓi kwanan asibiti.

Juma'a

Mai babur ya yarda. Baba ya yi barci har asuba, jini 146 bisa 90.

Uwargidansa na gani yau da kyau. A baranda take wuni kan tabarma, ita ce dafa abinci, ita ce jigila, ita ce wanki, ta sayar da akuyarta an sayi magani. Ta ce kanta yana sarawa kwana da kwanaki. Na auna ta: 158 bisa 98. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, don haka na ce ta huta in sake, kuma gobe ta yanki kati. Ta ce, "'Yar nan, ai ba ni ce marar lafiya ba." Na ce, "Mama, idan kika kwanta wa zai riƙe shi?" Ba ta amsa ba, amma ta miƙo hannu na sake aunawa.

Asabar

Da magariba aka yi masa insulin, abinci ya makara daga gida. Na same shi yana gumi cikin wannan sanyi, hannu na rawa, magana ba ta fita daidai. Suga 3.1. Tunda yana iya haɗiya, na dama sukari cokali uku a ruwa ya sha, bayan minti goma sha biyar na sake awo, ya haura, sannan ya ci abinci. Na tara iyalin nan take, tun abin yana idonsu: gumi, rawar jiki, yunwa, ruɗewa, a ba shi abu mai zaƙi, idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzayo da shi asibiti. Kuma ba a allura sai abinci yana kusa.

Lahadi

Yatsan bai farfaɗo ba. Babban yayansu ya zo daga ƙauye ya ce ba a yanka a danginsu, akwai mai magani da zai kai shi. Likita ya yi bayani a fili: naman ya mutu, idan an bar shi ruɓar za ta hau, yau yatsa ne, nan gaba ƙafa ce, ko ta shiga jini. Ban sa baki ba sai da Baba ya dube ni ya ce, "Sista, zan iya taka birki?" Na ce ƙaramin yatsa ba ya hana tafiya, kuma idan ciwon ya warke likita zai gwada jin ƙafar kafin a ba shi izinin tuƙi. Ban yi masa alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ya yi shiru, ya ce wa yayan, "Yaya, ka yi mini afuwa, zan sa hannu." Mutumin da ranar Talata ya juya wa bango fuska, yau shi ya yanke wa kansa shawara, kuma bai ɓata da ɗan'uwansa ba.

Talata

An yi aikin jiya, ciwon yana da tsabta, suga da safe 9. Na koma aikin safe, na sami sararin koyarwa.

A littafi rigakafi hawa uku ne: hana cuta zuwa, gano ta da wuri, da hana ta yin ɓarna bayan ta kama. Baba yana hawa na uku, kuma nasa aikin na kullum ne har ƙarshen rayuwa. Ya duba tafin ƙafa kowace rana, da madubi ko da idon uwargida. Ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala. Ya shafa mai a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ruwan wanka a gwada zafinsa da gwiwar hannu. Ba shi ba kaskon wuta, safa ta ishe shi, ba shi ba masu yankan farce na bakin titi. Ba su da firji, na ce a sa kwalbar insulin a leda a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda rana ba ta kaiwa. Na ba shi sirinji ya yi wa kansa allurar a gabana. Hannunsa ya yi rawa a karon farko, amma ya auna daidai.

Sauran hawa biyun suna tsaye a bakin gadonsa. Ciwon suga yana bin dangi, mahaifiyarsu ma da shi ta rasu. Uwargida ta yanki kati, an ce ta rage gishiri da dunƙulen miya ta dawo bayan mako biyu. Ƙanin ya zo da sassafe bai karya ba kamar yadda na ce, aka auna: 7.4. Daga 7 ake zargin ciwon, amma sai an maimaita kafin a tabbatar. Ya ce safiya ce lokacin fasinja. Muka daidaita a kan Alhamis, ƙarfe bakwai, kafin ya ɗauki 'yan makaranta, kuma Baba ya ce shi da kansa zai buga masa waya ya tashe shi.